Amsar kawu kan maganar ɗan mahauci

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, sau biyu na karanta shi. Ka ce baffanninka sun hana ƙanwarka yaron da take so, ba a same shi da wani aibi ba, ubansa ne mahauci. Kana tambaya ko addini ne ya ce haka ko al'ada, in kuwa al'ada ce ina ta samo tushe. Na ji zafin da ke ranka, to bari in faɗa maka abin da na sani.

Binciken asali kafin aure abu ne mai kyau. Iyayenmu kan tura tsohuwa unguwar yaro ta jiyo ko gidansu ana sata, ko ana dukan mata, ko akwai ciwon gado. Kare 'ya ke nan. Sai dai an ɗora wani kaya a bisa wannan. A ƙasar Hausa sana'a gado ce, kowace da sarkinta, ga Sarkin Fawa, ga Sarkin Maƙera, ga Sarkin Aski. Ɗa yana gadon ubansa, gida yana auren gida irinsa, har sana'a ta koma kamar jini. Saraki da malamai da attajirai suka hau sama, aka tura mahauci da maroƙi da makaɗi ƙasa. Addini kam ba ruwansa. Abu Hind wanzami ne, mai ƙaho, Manzon Allah (SAW) da bakinsa ya umarci Banu Bayada su ba shi aure. Duk malamin da ke nan Maraɗi ya san wannan.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda raini ke ciyar da kansa. In ɗan malam ya yi faɗa a kasuwa, sai a ce yaro ne, ransa ya ɓaci. In ɗan mahauci ya yi, sai ka ji "ai ka san halinsu". Na farko laifinsa nasa ne shi kaɗai, na biyu kuwa an ɗora wa danginsa duka, kuma 'yan'uwansa da suka wuni lafiya da kowa babu mai ƙirga su. Ranar hawan ƙaho gari yakan fito ƙwai da ƙwarƙwata, matashin mahauci ya faɗa tsakanin ƙahonin bijimi ya riƙe, kalangu na tashi, mata na guɗa. Washegari ya aiko neman 'yarmu, mu ce sai mun yi shawara.

Ni kaina ina da tabo a nan. Muna lakwal ina da aboki, benci ɗaya muke zama, ya fi mu duka lissafi. Ya ce wa malaminmu ubansa ɗan kasuwa ne. Wata safiya aka aike ni sayen nama, na iske shi bayan teburin ubansa yana naɗe tsoka a takardar siminti, hannunsa duk jini. Ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini ƙunshin bai ce uffan ba. Na je aji na ba da labari, yara suka laƙaba masa Barunje, sunan raini ga mahauci. Shekarar ba ta ƙare ba ya daina zuwa. Ba mu duke shi ba, ba mu kore shi ba, mun dai koya masa jin kunyar uban da ke ciyar da shi. Har yau in na wuce 'yan nama sai na tuna sunkuyar da kan nan.

Mu Katsinawan Maraɗi ya kamata mu fi kowa gane wannan. Wajen 1807 jihadi ya fitar da sarakunanmu daga Birnin Katsina, suka yi ta gudun hijira har Sarki Ɗan Kasawa ya zauna nan wajen 1819. Waɗanda suka kore mu Haɓe suke kiranmu, kalmar raini ce a bakinsu. Mutanen gulbi, Anna, wato arna masu addinin gargajiya, su suka tarbi kakanninmu suka mara musu baya. Yau in muna son zagin mutum sai mu ce masa arne.

Za ka ce ai muna wasa da juna, to wasa ma da ƙa'idarsa. In na gamu da Bagobirin Tsibiri na ce masa bawana, nan take zai rama, mu yi dariya mu sha fura tare. Haka Bagobiri da Bazabarme, haka Bafillace da Babarbare. Wannan taubasantakar ce UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar. Tana da daɗi ne don kowa na da bakin ramawa. Ka faɗa wa jikan bawa wannan kalmar, murmushin da zai yi maka na dole ne. Kada ka ɗauka tsohon zance nake: sai 2003 dokar ƙasarmu ta sa hukunci a kan bauta, a 2008 kuma kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12.

Yanzu ga roƙona. Kada ka aika wa baffanninka maganar da za ta sa su kafe, dattijo in aka kunyata shi gaban yara ba ya janyewa. Kada kuma ka matsa wa uwarka, ƙanwata ce, na san tana tsakanin wuta biyu. Jumma'a bayan masallaci zan je wurin mahaifinka tare da limamin unguwarmu. Kafin nan zan bi ta gidan su yaron in gaida ubansa, in zauna a zaurensa, in tambayi maƙwabta halinsa da sallarsa kamar yadda ake yi wa ɗan kowa. Ka ce wa ƙanwarka ta ci abinci, ta bar kukan nan. Abin da muka yi zan kira ka ranar Asabar.