Majalisa na iya soke katin shaidar ɗan ƙasa?

Tambaya: Malam, idan gwamnati ta kafa tsarin katin shaidar ɗan ƙasa, majalisar dokoki na da ikon rushe shi, ko kuwa dokokin ƙasa da ƙasa sun fi ƙarfinta?

Amsa: Tana da iko, kuma an gani a Birtaniya. Majalisarsu ta zartar da dokar katin shaida a 2006, wadda ta tanadi rumbun adana bayanan mutane har da zanen yatsu. Da gwamnati ta sauya a 2010, sabuwar majalisa ta soke dokar, aka lalata rumbun a Fabrairun 2011. Waɗanda suka biya fam 30 kuɗin katin ba a mayar musu da ko kwabo ba. Ƙa'idarsu ita ce, majalisar yau ba ta iya ɗaure ta gobe.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan dokoki. Sau da yawa babbar doka kan bar wa minista ikon ƙara bayanan da za a tara, ko hukumomin da za su leƙa su, sai abin ya wuce ba tare da muhawara sosai ba.

Game da dokokin ƙasa da ƙasa kuwa, ga misalin Tarayyar Turai: dokarta ta 2019 ta wajabta zanen yatsu biyu a katin ƙasashen da ke bayar da shi, amma ba ta tilasta wa kowace ƙasa ƙirƙiro katin ba.