Mai shagon turi da bairos: ina ya kamata kuɗin ya fara zuwa?

Tambaya: Malam, ina da shagon turin waƙoƙi da karatuttuka da finafinai. Sau biyu ke nan a bana kwamfutata tana kamuwa da bairos daga 'yan MP3 da memorin da mutane ke kawowa, har wani ya dawo yana ta faɗa wai na cinye masa hotunan bikinsa. Na ɗan tara kuɗi. In sayi anti-bairos mai tsada ne, ko in canja kwamfuta?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Jarinka na gaske shi ne abin da ka yi shekaru kana tarawa a cikin kwamfutar. Ita in ta mutu akwai irinta a kasuwa, amma tsofaffin tafsirai da waƙoƙin da ake zuwa nema takanas a wurinka, in suka salwanta, sai ka sha wuya kafin ka sake haɗa su. Don haka abin da za ka fara saya shi ne rumbun ajiya na waje, wanda girmansa ya kai na kwamfutarka ko ya fi. Ka kwafe komai a ciki, ka zare shi ka kulle a durowa. Sau ɗaya a mako, bayan an tashi kasuwa kuma ka bincike kwamfutar, ka jona shi ka ƙara sababbin kaya. In ka bar shi a jone kullum, bairos mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa za ta haɗa da shi.

'Yar MP3 a wurin kwamfuta filash ce kawai mai kunna sauti. Bairos ɗin Windows ba ta aiki a cikinta, zama kawai take yi tana jira, shi ya sa mai ita zai rantse maka lafiyarta ƙalau, kuma ba ƙarya yake ba. Sabuwa a kwali ma ba abar yarda ba ce. A 2006 kamfanin Apple ya amsa cewa wasu 'yan MP3 ɗinsa masu suna iPod sun fito daga masana'anta ɗauke da bairos mai suna RavMonE, kuma a shekarar ce McDonald's ya janye 'yan MP3 dubu 10 da ya raba kyauta a Japan saboda wata manhajar satar kalmar sirri da ke cikinsu.

A da, wani ɗan fayil mai suna autorun.inf ne ke tayar da cutar da zarar an soka na'ura. Microsoft ya toshe wannan ƙofa a Windows 7, sannan a 2011 ya toshe wa XP da Vista. Bairos ɗin da ta fi damun masu turi yanzu sai da hannunka take shiga. Tana ɓoye foldojin mutum na gaske, ta ajiye na bogi masu suna iri ɗaya, da 'yar kibiya a gefen hoton. Kana dannawa ka kunna ta, daga nan duk memorin da aka soka ranar sai ya tafi gida da tsaraba.

Mai hotunan bikin nan, ina kyautata zaton kayansa suna nan. Duba ma'aunin memorin: in ya nuna a cike alhali ba ka ganin komai, ɓoye su aka yi. Ka fara bincike shi da anti-bairos, sannan ka buɗe cmd, wato tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana sauya E da harafin da kwamfuta ta ba memorin. Foldojin za su fito. Ka goge na bogin da duk wani baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs ko .exe. Kada ka wanke memorin kowa, wato ka goge komai da ke ciki, sai ya ce ka wanke, a gaban shaida in da hali. Wannan gyaran ma sana'a ce, ka sa mata farashinta daban.

Sauran matakan kariya ba su cin ko sisi. Ka saita Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, domin abin da aka rubuta waƙa.mp3.exe ba waƙa ba ce. Girma ma yana tona asiri: waƙar minti huɗu takan kai megabait huɗu ko fiye, in ka ga 'yan kilobait, ka ƙyale ta. Yaron shago kuma ka buɗe masa asusun shiga kwamfutar mara ikon saka manhaja, kalmar sirrin babban asusu ta tsaya a wurinka.

Batun anti-bairos, Defender da ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11 ya ishi shago irin naka, muddin kana sa data yana sabunta kansa ko da sau biyu a mako. Anti-bairos na kuɗi da aka fasa ake turawa a kasuwa, sau da yawa shi ne ɓarawon. Kada kuma ka haɗa biyu, nauyi kawai za su ƙara wa na'ura. Amma in har yanzu Windows 7 kake kai, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, to bayan rumbun, ragowar kuɗin ka tara su don kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11. Tsohuwar ka wanke ta ka sa mata Ubuntu, wata manhajar sarrafa kwamfuta a madadin Windows, wadda fayilolin .exe ba sa tashi a kanta haka kawai, ta zama ita ce ke fara karɓar kowane memori da MP3 da ya shigo shagon.