Haɗa karatu da labarin ƙasa a darasi ɗaya

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki koya wa ɗanki mai shekara 6 karatu da labarin ƙasa a gida ba tare da ya ƙosa ba. A ganina, kada ki raba darussan biyu, domin yaro yana saurin kama karatu idan kalmar da yake haɗawa sunan abin da idonsa ke gani ce.

Ki ba shi takarda ya zana ɗakin da yake kwana kamar daga sama yake kallonsa, sannan ya rubuta "gado", "taga" da "ƙofa" a wurarensu, yana furta sautin kowane harafi kafin ya rubuta shi. A nan ne za ki gane ko yana bambanta k da ƙ. Da sassafe kuma ki tsayar da shi ya fuskanci rana, ki nuna masa cewa gabansa gabas ne, bayansa yamma, hagunsa arewa, damansa kudu, ya koma ya sanya su a zanensa.

Sai wannan ya zauna masa sosai ki kawo taswirar duniya mai nahiyoyi 7. Minti 15 a kullum ya wadatar.