Ɗana, ajiye maganar lasifikar nan tukuna

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na ga saƙonka, ka ce wata uku ke nan da DCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma, ta tura ka aikin fasto a ƙauyen nan, ran Lahadi ko mutum 30 ba sa cika, kana tambaya ko ka haɗa kuɗi ka sayi janareta da lasifika ka kira taron farkawa.

Ni dai na ce ba yanzu ba. Taron kwana uku zai cika maka majami'a har waje, mawaƙan majami'a su zo daga maƙwabta a yi waƙa a ci shinkafa, ran Litinin kowa ya kama gabansa a bar ka da talatin ɗinka da bashin fetur a wuya.

Aikin nan da ƙafa ake yin sa. Buɗe Ayyukan Manzanni 20:20 ka gani, Bulus ma gida gida ya bi. Yanzu damina ce, kar ka je ƙofar mutum ƙarfe goman safe ka dawo ka ce ba ka same shi ba, ai yana gona. Saɓa fartanya ka bi shi ka kama masa kunya biyu uku, a nan ne in kun zauna shan ruwa zai faɗa maka abin da ya hana shi zuwa, ƙila wani dattijon ikilisiya ne ya ci masa iyakar gona, ko an sa 'yarsa a horo shekara biyu ba wanda ya sake leƙo su. Wannan ba za ka taɓa jin sa daga kan bagade ba.

Sai Zumuntar Mata, kai, ka bi su a hankali. Ni da na fito makaranta da ɗokina, sati na biyu na canza musu ranar taro ban tambayi kowa ba, ashe ranar kasuwa na zaɓa. Shugabarsu ba ta ce min uffan ba, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni, da Lahadi ta zo na hau bagade na duba ɓangaren mata, benci biyu kacal. Sai da na taka har gidanta na ba da haƙuri. Su ne fa suka san wa ta haihu, wa ke kwance, wane gida ne ba a ɗora tukunya jiya ba, har gidajen da ba na masu bi ba suna shiga barka da ta'aziyya. 'Yan Sabon Rai kuwa, wato ƙungiyar masu wa'azi ta Sabon Rai Don Kowa, tun shekarun 1960 suke fita bishara ƙauyuka, in kana da ko huɗu ne kar ka tsaya sa musu albarka a bakin ƙofa kawai, ka bi su ranar fita.

Baiko kuma, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a majami'a, kar hannunka ya taɓa shi, ma'aji da dattawa biyu su ƙirga a rubuta a karanta wa jama'a.

Janaretan ka bari sai kaka, in an sai da hatsin godiya ka kawo maganar gaban dattawa, ka bar ɗayansu ya fara furta ta. Ka gaida min Mama Fasto da yaran.