Amsa ga mai son kawo yara firamare a Gwanzu

Wa alaikumus salam ƙanwata, na ga saƙonki. Kince maigida yana yawan zuwa Gwanzu (Guangzhou) ta ƙasar Chaina sarin kaya, yanzu yana so ku tattaro gaba ɗaya ke da yaran nan biyu, mai shekara 6 da mai shekara 8, kin ga hotunan wata makarantar 'ya'yan baƙi a intanet ta shiga ranki, shine kike tambaya ko zasu ɗauki yaran kuma nawa ake biya. Toh kafin maganar makaranta dan Allah ki ɗauko fasfon maigida ki duba wane harafi ne akan bizarsa, dan duk maganar a nan take.

In M kika gani, bizar kasuwanci ce ta shiga da fita, irin wadda yawancin 'yan Kwari da 'yan Wambai ke zuwa da ita, kuma ba'a zaunar da iyali akanta. Makarantun nan abu na farko da suke nema bayan fasfon yaro shine takardar zama ta uba ko uwa. Ita kuma sai mutum nada izinin aiki, wato ya shigo da bizar Z ta hanyar kamfanin da ya ɗauke shi ko kamfanin da shi ya yiwa rajista a nan yana biyan haraji, sannan ke da yara ku biyo da bizar S1 a maida muku ita takardar zama. Za'a nemi takardar aure da ta haihuwar yara, an tantance su an fassara, kuma wannan tun daga gida ake farawa, ba sai kun sauka filin jirgin Baiyun da akwatuna ba. Duk ejan ɗin da yace ku taho kawai za'a gyara daga baya, kuɗinku yake so. Chaina ba'a wasa da takarda, ko gida kuka kama sai kunyi rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24.

Makarantun kam akwai su, kuma masu kyau ne, bazan ɓoye miki ba. Akwai American International School of Guangzhou, tun 1981 take, ƙananan azuzuwan firamarenta na tsibirin Ersha a tsakiyar kogi. Akwai British School of Guangzhou da Utahloy can wajen unguwar Baiyun, akwai ta 'yan Kanada a Panyu. Doka ta ware su ne dan 'ya'yan baƙi masu fasfon waje, ɗan ƙasa baya shiga, shi yasa ma 'yan uwanmu da suka auri 'yan Chaina suke shan fama, ƙasar bata yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, yaron da uwarsa 'yar nan ce kuma aka haife shi a nan ɗan Chaina suke ɗaukarsa. Sannan kiyi hattara da wasu masu zaman kansu da ake koyarwa da harshe biyu, suna da farin bature a jikin talla amma asali na 'yan ƙasa ne, tun 2021 gwamnati ta hana su amfani da littattafan waje a firamare da ƙaramar sakandare. Ba wai basu da kyau bane, kawai ki san me kike saya.

Kuɗi. Ki zauna tukun. Manyan nan a firamare suna cin sama da yuan 200,000 a shekara kan yaro ɗaya, dala ɗaya kuma wajen yuan 7 ce, kinga ana maganar dala dubu 28 zuwa sama kenan, ki ninka biyu tunda biyu ne, in kina da ƙarfin zuciya ki maida shi naira. Bayan haka ga kuɗin fom, ga motar makaranta, ga abinci, ga yunifom, kowanne da nasa lissafin. Yawancin yaran dake ciki ba iyayensu ke biya daga aljihu ba, kamfanonin Koriya da Japan da Turai ne ko ofisoshin jakadanci ke biya musu a cikin yarjejeniyar aiki. Ɗan kasuwa kuwa daga ribar kwantena zai cire, kuma makaranta bata san naira ta faɗi ba ko kaya sun maƙale a Apapa, takardar biya tana zuwa akan lokacinta. Na ga gidan da suka fara da ƙarfi, shekara ta zagayo aka cire yaran ana tsakiyar zango, yaran ne suka sha wahalar, sun saba da ƙawaye an maida su gida kuma ajin da suka bari ya wuce su a lissafi.

Karatun ciki daban ne da namu. Aji baya cika, babu bulala, babu haddar tebur da ihu, yaro ɗan aji biyu zai dawo miki da aikin wai ya bincika yadda ruwa ke zuwa famfo ya zana ya tsaya gaban aji yayi bayani. Da farko zakiga kamar wasa ake da kuɗinku, amma bakin yaro na buɗewa sosai, kuma ana musu darasin Mandarin, wato yaren Chaina, nan da nan zakiji yaro na ciniki da mai kanti ke kina tsaye kina nuni da yatsa. Shekarar karatu a watan Agusta take farawa, hutunsu akwai na Kirsimeti, da sabuwar shekarar Chaina a Janairu ko Fabrairu, da satin 1 ga Oktoba na bikin ranar ƙasarsu. Sallah ba hutu, Juma'a ma ranar karatu ce cur, sai dai ki rubutawa malamar aji ki ɗauki uzuri, basa hanawa.

Abinda yafi cin raina shine wanda makarantar bata bayarwa. Ba Islamiyya, ba allo, ba Hausa. Kuma a nan ba kamar Kano bane da maƙociya zata tara yara a zaure da yamma, dokar addini tana da tsauri musamman akan koyar da yara, kar ki soma tara 'ya'yan mutane a falo. Mu dai abinda muke yi malami ne daga gida ta waya, kuma Chaina na gaban Najeriya da awa 7, lokacin da yara suka dawo ƙarfe huɗu da rabi malam a can yana wajen tara da rabi na safe, toh da haka ake lallaɓawa, yaro ya gaji ga aikin makaranta ga intanet na yankewa, dan WhatsApp da YouTube da Google duk a toshe suke sai da dabara. In baki tsaya da kanki ba wallahi zaki wayi gari yaro na amsa miki Hausa da Turanci, kakarsa ta kira a bashi waya yayi ta murmushi kawai.

Abinci kuma naman alade yana ko'ina, har a miyar da zaki rantse ganye ce zalla. Ki tambayi makaranta tsarin kicin ɗinsu, wasu suna ware na marasa cin nama, ni dai kula nake zuba musu tun asuba, shinkafa da miya ko taliya, in rufe in saka a jaka, hankalina kwance. Naman halal ana samu wajen Musulmin ƙasar, 'yan Hui da 'yan Xinjiang, unguwar Xiaobei ce cibiyar, ga shagunan taliyar Lanzhou kusan kowace unguwa.

Garin kansa akwai daɗin zama, gaskiya ɗaya ce. Wuta bata ɗaukewa, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kaiki ko'ina, komai ta waya da manhajar WeChat ko Alipay ake biya har mai saida ayaba, kuma mace zata fita da dare ba fargaba. Akwai masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar, da wanda ke kusa da lambun Yuexiu inda suke cewa kabarin Sa'adu bn Abi Waƙƙas yake, duk da mu a karatunmu Baƙi'a aka binne shi. Zafinsu mai gumi ne ba irin namu busasshe ba, wajen Maris bango har ruwa yake tsatsowa kaya suyi fumfuna a cikin sif, damina kuma in guguwar teku ta taso saƙo ne zai shigo waya da sassafe yau ba makaranta. Kallo kuwa zaku sha shi, tsofaffi a jirgi su miƙo hannu su taɓa kitson yarinya ko su ɗaga waya suna hoto, yawanci son sani ne amma yana damun yara, ki shirya su tun daga gida. Kuma bamu manta Afrilun 2020 ba lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal suka kwana a titi har gwamnatocin Afirka suka yi magana. Tun daga nan baƙaƙe suka ragu sosai a garin.

Akwai masu saka yara makarantar gwamnati in an samu gurbi, kuɗin ba kusa ba, lissafinsu kuma ba'a magana, amma komai da Mandarin ne ga aikin gida kamar me. Mai shekara 6 ɗin zai iya dan a shekarun ake shiga aji ɗaya a fara daga tushe, mai 8 ɗin zata wahala tunda sa'o'inta sun riga sun haddace ɗaruruwan haruffa.

In ni ce ke, matuƙar maigida na kan M, yara su zauna a makarantarsu da Islamiyyarsu, shi yaci gaba da zirga zirgarsa, in hali yayi ku nemi bizar ziyara kuzo lokacin dogon hutu ki ga garin da idonki. In kuma ya riga yayi rajistar kamfani, toh ku rubutawa makarantun kai tsaye ba ta hannun ejan ba, ku nemi jadawalin kuɗin bana a rubuce, ku tabbata kuɗin shekara biyu na ajiye a dala ko yuan kafin a taɓa takardun yaran. Ki duba harafin bizar ki faɗa min, ki gaida maigida da yara.