Adireshin imel biyu, waya ɗaya: sai an biya kafin a haɗa su?

Tambayar farko ta wani mai fataucin albasa ce daga Tahoua:

"Ina da adireshin Yahoo tun zamanin da sai an je siba (shagon intanet) ake duba saƙo, kuma shi abokan cinikina na Abijan da Kwatano suka sani. Da na sayi sabuwar waya, yarona ya buɗe mini Gmail. Bara wani ya aiko yana son kaya, sai bayan sati biyu na gani, ciniki ya wuce. An ce idan na biya Yahoo, saƙonni za su riƙa zuwa Gmail da kansu. In biya?"

Alhaji, riƙe kuɗinka. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba: tun ranar 1 ga Janairun 2021 Yahoo ta hana masu akwatin kyauta tura saƙo kai tsaye zuwa wani adireshi, sai mai biyan Yahoo Mail Plus. Biyan na wata-wata ne, kuma da katin banki. Amma abin da ya sa ka asara shi ne saƙo ya zo ba ka gani ba, wannan kuwa maganinsa ko dala ba ya ci.

Manhajar Gmail da ke cikin wayarka tana karɓar akwatin Yahoo. Taɓa hotonka a sama ta hannun dama, ka zaɓi "Ajouter un autre compte" (wato ƙara wani akwati), ka danna Yahoo, ka sa adireshi da kalmar sirri. Daga nan duk saƙon da ya faɗa ɗaya daga cikinsu, waya za ta yi ƙara.

Ni ko kyauta ake tura saƙon, wannan hanyar zan zaɓa maka. Idan saƙo ya biyo ta turawa ka amsa, amsar da sunan Gmail za ta fita, sai fa in an yi wani saiti na daban. To ka duba: mutumin Abijan ya rubuta wa adireshin da ya sani shekara da shekaru, sai ga amsa daga wani baƙon adireshi, ana ce masa ya aiko kuɗin mota guda ta albasar Galmi. Kai da kanka za ka aika? Haka macuta ke yi, mai hankali kuma zai ja baya.

Abu ɗaya nake ji maka, kalmar sirri. Wasu masu tsohon Yahoo da lambar wayar da suka daɗe da yarwa suka buɗe shi, layin da aka bari kuwa kamfani kan sayar wa wani. Ranar da ka shiga, ka fara da canza lambar zuwa wadda ke hannunka. Kada kuma ka bar akwatin shekara guda ba ka leƙa ba, don Yahoo na iya share abin da ke ciki.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Yamai:

"Na buɗe Gmail ina ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni, da wani sunan wasa da nake jin kunyar sa shi a takardar neman aiki. Na buɗe sabo da sunana na gaskiya. Yaya zan yi kada saƙonnin tsohon su ɓace mini?"

Ƙanwata, ke kam turawa ce ta dace da ke, tunda tashi za ki yi daga tsohon gida. Daga Gmail zuwa Gmail kyauta ne. Sai dai ba a yin saitin a manhajar waya. Nemi kwamfuta, ko ki buɗe Chrome a waya ki sa shi ya nuna fuskar kwamfuta, wadda ke wahalar da ido amma tana aiki. Shiga tsohon akwatin, ki je "Paramètres", sannan "Transfert et POP/IMAP", ki rubuta sabon adireshin. Google zai aika saƙon tabbatarwa can. Buɗe ki amince. A nan mutane da yawa ke tsayawa su ɗauka an gama. Ba a gama ba. Sai kin koma tsohon akwatin kin kunna turawar, kin gangara ƙasa kin adana canjin.

Za a tambaye ki abin da za a yi da saƙon asali. Bar shi a akwatin, kada ki zaɓi gogewa, aƙalla na 'yan watanni. Sai dai ki riƙa lura da wuri: giga 15 Google ke bayarwa kyauta, saƙonni da hotuna da Drive (ma'ajiyar takardu ta Google) duk a ciki suke ci. Idan hotunan biki suka cika tsohon akwatin, saƙo ba zai shiga ba balle a tura miki.

Turawa ba ta ɗauko tsofaffin saƙonni, sababbi kawai. Ba ta kuma tura abin da ya faɗa cikin "Spam" (inda Gmail ke jefa saƙon da take zargi), kuma kiran ganawar neman aiki kan ɓuya a can wani lokaci. Saboda haka ki riƙa leƙawa ko sau ɗaya a wata. Leƙen na da wani amfani: tun Disambar 2023 Google na iya rufe asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Kada kuma ki sa sabon ya riƙa tura wa tsohon alhali tsohon na tura wa sabon, kai kawai za ki ɗaure wa kanki.

Tunda kin shiga wurin, duba ko akwai wani adireshin da ba ke kika sa ba. Wanda ya taɓa samun kalmar sirrinki, ko da a kwamfutar siba ce da kika manta ba ki fita ba, yana iya sa turawa zuwa nasa akwatin. Ko kin canza kalmar sirri, saƙonninki za su ci gaba da zuwa masa har sai an cire.

Ta ƙarshe, wani ma'aikacin wata ƙungiya a Yamai na son saƙonnin ofis su riƙa zuwa Gmail ɗinsa, don ya duba a gida idan wuta ta ɗauke a wurin aiki.

Malam, a'a. Akwatin ofis na ofis ne. Takardun albashi, sunayen masu karɓar tallafi, kwangila, duk amana ce, kuma wurare da yawa sun toshe irin wannan turawa da gangan. Ko ta yi aiki, ranar da wata takarda ta fita waje kai za a fara nema. Je wurin mai kula da kwamfutocinku ka roƙi a sa maka akwatin ofis a waya ta hanyar da suka yarda da ita, yawanci manhajar Outlook ko ta Gmail. Idan ya ce ba a yi, saƙon ya jira ka har safe.