Haruffa biyun da ke bayan sunan gari

Ƙanena, na ga adireshin makarantar da ka turo, da tambayarka ko MO ɗin da ke bayan Kansas City kuskuren bugu ne. Ba kuskure ba ne, sunan jihar ke nan a taƙaice, wato Missouri. Kuma tun yanzu kafin ka taso Amurka ka fara haddace waɗannan haruffa, domin babu fom ɗin banki, na hayar ɗaki ko na makaranta da za ka cike ba a neme su ba.

Hukumar gidan waya ce ta fito da su a 1963, shekarar da aka fara amfani da lambar ZIP, wato lambar yankin aika wasiƙa da ake sawa a ƙarshen adireshi. Injinan buga adireshi na wancan lokaci gurbi 23 kawai suke ɗauka a layin ƙarshe, to sai aka matse sunan kowace jiha ya koma haruffa biyu don gari da jiha da lamba su shiga layi ɗaya. Daga baya, a 1969, aka sauya wa Nebraska nata daga NB zuwa NE, saboda yana karo da na lardin New Brunswick na Kanada.

Irin su NY (New York) da TX (Texas) da FL (Florida) ba za su ba ka wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne jihohi takwas masu farawa da M. Shekarata ta farko a Minnesota na je wani ofis, na cike takarda tsaf, na rubuta MI ina ganin ai haruffan farko ne. Matar da ke karɓar takardu ta ɗora ɗan yatsanta a wurin, ta ce daga Michigan nake? Haka na koma bayan layi na sake sabuwa, hannuna na karkarwa don sanyi. Minnesota MN ce. MS Mississippi, MT Montana, MA Massachusetts, su kuwa Maine da Maryland harafin farko da na ƙarshe aka ɗauka, ME da MD. Ka kula da AK ma, Alaska ce, Arkansas kuma AR. In ka ga LA a adireshi, jihar Louisiana ake nufi, ko da yake a baki mutane Los Angeles suke kira haka.

Abin da ya sa nake nanata maka shi ne garuruwan nan suna yawan cin suna ɗaya. Kansas City ɗinka biyu ce, ɗaya a MO ɗaya a KS, wato jihar Kansas, suna manne da juna, amma kowace da dokokinta na haraji da lasisin tuƙi. Akwai Portland a ME can gabas bakin teku, akwai wata a OR, wato Oregon, can yamma, tsakaninsu tafiyar kwanaki a mota. Jami'ar Miami ta garin Oxford kuwa a OH take, Ohio, babu abin da ya haɗa ta da birnin Miami na Florida. WA jihar Washington ce a arewa maso yamma, babban birnin ƙasa kuwa, wanda shi ma sunansa Washington, DC ake rubuta masa.

Don haka lokacin sayen tikiti, ka duba haruffan jihar sau biyu kafin ka biya. Da ka samu ɗaki ka turo min adireshin yadda suke jera shi: lambar gida, titi, gari, sannan MO da lambar ZIP, wadda a Missouri da 6 take farawa. Ka gaishe min da Inna.